Labarin Yariman Faransa da Zulu suka kashe: abin da na samu a wajen masu tura tarihi a memori

Akwai wani ɗan shago a cikin layukan bayan titin Gidan Zoo a Kano, ko allo babu a jikinsa, in kana nema sai dai ka ce ina ne wajen masu tarihi a nuna maka. Asalinsa shagon tura finafinai ne irin wanda kowa ya sani, kwamfuta biyu da benci ɗaya da fanka mai kuka, amma yanzu abin da ya fi kawo musu mutane labaran tarihi ne da suke naɗa da Hausa su tura maka a waya ko a memori. Ba fim ba ne fa, kar wani ya je yana tsammanin irin fassarar Indiya, murya ce kawai ta wani dattijo yana ba da labari kashi-kashi, in ka ce bidiyo kake so sai su ɗora tsofaffin hotuna da taswira suna wucewa a hankali muryar na tafiya. Suna da na Daular Usmaniyya da na yaƙin duniya da na Shaka Sarkin Zulu da wasu, ni dai wanda na saya na ɗan Sarkin Faransa ne da ya mutu a Afirka ta Kudu a 1879, kashi shida, in ban da na ƙarshe kowanne ya kai minti arba'in ko ya ɗan ɗara. Naira 300 kashi ɗaya, in ka haɗa duka su bar maka 1,500, memorin kuma naka ne ka zo da shi.

Yaron da ke kan kwamfutar yana da kirki gaskiya, ina zama ya ce Kawu odiyo ko bidiyo, na ce wanne ya fi, ya ce in don ji ne ka ɗauki odiyo bidiyon cin waje kawai zai yi maka, ka ga bai cuce ni ba tunda bidiyon ya fi tsada. Inda matsalar take shi ne sunan fayil ɗin. Babu wanda aka rubuta wa kashi na ɗaya ko na biyu, wasu lambobi ne dogaye irin na rikoda, waya kuma ta jera su yadda ta ga dama, wanda bai lura ba sai ya fara da jana'iza ya ƙare da haihuwa. Wannan abu ne da minti biyu ya isa a gyara amma sun bar shi haka, duk wanda zai saya ya sa yaron ya sake musu suna a gabansa kafin ya cire memorin.

To labarin kansa. Yaron sunansa Luwi Napoliyon, an haife shi a Paris ranar 16 ga Maris 1856, shi kaɗai ne ɗan Sarki Napoliyon na Uku da matarsa Yujini wadda asalinta 'yar Sifaniya ce, ranar da aka haife shi igwa 101 aka buga, Fafaroma da kansa ne ubangidansa na baftisma. Mai labarin yana da murya, irin ta masu tafsiri a rediyo da azumi, ba ya sauri ba ya ja, ya san inda zai tsaya ya bar ka ka haɗiye magana. Sai dai tun a kashi na farko ya yi kuskuren da ya yi ta maimaitawa har ƙarshe, wai jikan Napoliyon, jikan Napoliyon. Ba jikansa ba ne. Napoliyon na Uku ɗan ƙanin Napoliyon babba ne, kenan shi Yarima jikan ƙaninsa ne, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a gidan sarauta, mu nan Kano mun fi kowa sanin cewa ɗan sarki daban ɗan ƙanin sarki daban. Ban da wannan kashi na farkon ba wani abin kirki a ciki, yabon fada ne da tufafi da dawakai, mutum zai iya tsallake shi bai yi asarar komai ba.

Daga kashi na biyu aka fara aiki. Shekarar 1870 Faransa ta shiga yaƙi da Furushiya, wata masarautar Jamusawa, uban ya ɗauki yaron yana ɗan shekara 14 ya kai shi bakin daga a Saarbrücken, yaro ya tsinci harsashin da ya faɗo kusa da shi, uban ya aika wa uwar saƙo yana alfahari, jaridu suka samu abin yi suka yi ta yi musu dariya. Wata ɗaya bayan nan aka murƙushe sojan Faransa a Sedan aka kama uban, ranar 4 ga Satumba aka shelanta jamhuriya a Paris, sarauta ta ƙare a kwana biyu. Yaron aka fitar da shi ta Beljiyam aka tsallaka da shi Ingila, uwar kuma ta sulale daga fada, likitan haƙorinta wani Ba'amurke shi ya fitar da ita daga gari har bakin teku. Nan mai labarin ya yi ƙoƙari wallahi, yadda ya kwatanta matar da jiya ake faɗuwa ana gaishe ta yau tana rufe fuska a cikin keken doki kar a gane ta, sai da na ajiye abin da nake yi na tsaya na ji.

Amma wanda ya fi min duka kashi na uku ne, zaman gudun hijira. Sun zauna a wani gida a Chislehurst kusa da Landan, uban ya biyo su a 1871 bayan an sake shi, ya mutu a Janairu 1873, magoya baya suka fara kiran yaron Napoliyon na Huɗu alhali ko unguwa ɗaya ba ya mulka. Ranar da ya cika 18 dubban Faransawa suka tsallako teku suka zo yi masa mubaya'a a ƙofar gidan haya. A nan dattijon ya ajiye Turai ya dawo gida, ya kawo zancen Sarkin Kano Alu da Turawa suka kama a 1903 suka kai shi Yola daga nan Lakwaja ya zauna can har ya rasu a 1926, ya ce wanda aka raba da gadon sarauta ba yunwa ce ke cinsa ba, masu zuwa gaisuwa ne, kullum suna tuna masa abin da ya rasa suna tambayarsa yaushe za a koma. Wannan maganar ita kaɗai ta biya ni kuɗina, don ita ce ta bayyana duk abin da yaron ya yi daga baya. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Woolwich a 1872 ya fito a 1875, shi ne na bakwai cikin 34, a hawan doki da wasan takobi kuma shi ne na ɗaya. To ga horo ga suna amma babu muƙami, Ingilishi ba za su ba ɗan gidan Napoliyon cikakken muƙami a rundunarsu ba saboda kar su ɓata da gwamnatin Faransa, Faransa kuma ba ta son ganinsa, sai ya zama yana sa kakin mutanen da suka kai yayan kakansa Napoliyon babba tsibirin Santa Helena ya mutu a can, yana bin atisaye, ana gayyatarsa cin abinci, shekaru na tafiya, sunan gidansu na yaƙi ne shi kuma bai taɓa yin ko ɗaya ba.

Kashi na huɗu ne suka ɓata min rai. An dai yi ta raɗe-raɗi a lokacin cewa za a haɗa shi aure da Biyatris autar Sarauniya Biktoriya, jita-jita ce ba a taɓa tabbatarwa ba, amma mai labarin ya ɗauke ta ya gina soyayya mai zaman kanta, har da hira a lambu, ya ce mata kaza ta sunkuyar da kai ta ce masa kaza, ga sarewa an saka a ƙasa tana tashi. Haba Malam. Waye yake wajen ya ji? Kusan rabin kashin a nan ya tafi, abin da ya kamata a tsaya a kai kuma aka wuce shi a gurguje, wato yadda ya matsa lamba sai an bar shi ya je yaƙin Zulu bayan labari ya zo cewa an kashe wa Ingilishi mutum sama da 1,300 a Isandlwana ranar 22 ga Janairu 1879. Firaministan Ingila Disraeli bai so ba, uwar ce da Sarauniya suka sa baki, aka yarda ya tafi a matsayin ɗan kallo, ba shi da muƙami ba shi da ikon ba kowa oda, aka kuma ja kunnen babban kwamandan rundunar Lord Chelmsford cewa a kula da shi. Wannan matsayin na ɗan kallo shi ne tushen duk abin da ya faru, ya cancanci minti ashirin ba minti uku ba.

Kashi na biyar na kunna shi ne a zauren Baffana da daddare, ƙanin mahaifina ne, mutumin doki ne tun yana yaro, duk sallah da shi ake hawa, har yanzu akwai biyu a turke a gidansa. Na sa a ƙaramar sifika muna shan shayi. Ranar Lahadi ce 1 ga Yuni 1879, rundunar ta sake shiga ƙasar Zulu karo na biyu, aka tura Yarima ya dubo inda za a yada zango gaba, tare da shi akwai Laftanar Carey da mahaya shida da wani Bazulu ɗan jagora, akwai ƙarin mahayan da ya kamata su raka su amma ba su iso ba kuma ba a jira su ba. Da rana ta karkata suka sauka a wani ƙauyen da aka watse kusa da rafin Tshotshosi, ga gonar masara ga dogayen ciyayi sun kewaye wajen, suka kwance sirdi suka saki dawakai suna kiwo suka dafa kofi, ba a sa ko mutum ɗaya gadi ba.

Baffa ya ajiye kofinsa ya ce tsayar min. Na tsayar. Ya ce sun kwance sirdi ka ce? Na ce haka ya faɗa Baffa. Ya ce a ƙasar mutanen da kuka shigo yaƙa, cikin karan masara, to ai sun gama mutuwa saura a zo a ɗauka, ci gaba.

Ɗan jagoran ya zo ya ce ya hango mutum, aka kamo dawakai aka ɗaura sirdi, Yarima ne ya ba da umarnin a hau, kafin ƙafa ta shiga likkafa bindigogi suka tashi daga cikin ciyawa, Zulu wajen arba'in suka fito. Dawakai suka firgita kowa ya yi ta kansa. Dokin Yarima kili ne mai tutsu, ya zabura kafin ya hau, shi kuma ya kama madaurin kuben bindigar da ke gaban sirdi yana gudu a gefensa yana neman ya yi tsalle ya haye, abin da ya saba yi tun a makaranta, sun yi wajen mita ɗari a haka sai fatar ta tsinke, ya faɗi, dokin ya take masa hannun dama ya wuce. A daidai nan, wallahi tallahi a daidai nan, sai muryar ta yanke wani ya shigo da ƙarfi yana tallar maganin basir da sanyin ƙashi da lambar waya sau uku. Baffa ya kalle ni na kalle shi. Na san dai da tallar suke biyan kuɗin naɗi, ba wanda ya hana, amma a sa ta a farkon kashi ko ƙarshensa mana, ba a lokacin da mutum yake ƙasa da karyayyen hannu ba. Kuma kowane kashi haka ne, talla biyu a tsakiya, ƙararta ta ninka ta labarin, in da abin kunne kake ji sai ka zabura.

Da tallar ta wuce mai labarin ya nuna shi ma ya san doki, ya yi bayanin cewa mahayin kirki geza yake kamawa ko jikin sirdin kansa, ba kayan da aka rataya a jikinsa ba, don ba a ɗinka su don su ɗauki nauyin mutum ba, Baffa yana ta gyaɗa kai, ya ƙara da cewa sirdin da aka ɗaura a gaggauce ma majayinsa ba ya kamawa yadda ya kamata, doki kan kumbura ciki in ana ja, sai an ɗan taka an sake ja. Yarima ya tashi ya zaro libarba da hannun hagu ya juyo ya fuskance su, ya harba bai samu kowa ba, washegari aka tsinci gawarsa a cikin kwari da sukar mashi 18 kuma duk ta gaba, ɗaya a idon dama, an cire masa kaya an bar sarƙar zinaren da ke wuyansa. Shekararsa 23. Biyu daga cikin mahayan da ɗan jagoran su ma a nan suka mutu, su kam mai labarin jimla ɗaya ya ba su.

Kan Carey muka yi musu da Baffa har shayi ya huce. Mai labarin ya mai da shi matsoraci maci amana, ya zage shi son ransa, Baffa kuma ya goyi bayansa ya ce yaron sarki ba ya barin ɗan sarki a ƙasa, a nan ake mutuwa tare, in ka dawo gida kai kaɗai da wane ido za ka kalli fada. Na ce Baffa ai shi ba yaron sarki ba ne, soja ne, kuma ba a taɓa gaya masa ƙarara waye shugaban tafiyar ba, a takarda shi ne mai muƙami amma a fili Yarima ke ba da oda, shi ya zaɓi inda za a sauka, wa zai iya ce wa baƙon Sarauniya tashi mu tafi. An gurfanar da Carey a kotun soja an same shi da laifi, daga baya aka soke hukuncin daga Landan ya koma bakin aiki, sai dai mutuncinsa bai dawo ba. A ganina manyan da suka saki yaro irin wannan da mutum takwas su ne ya kamata a fara tambaya, shi Carey an samu na ƙasa ne aka jibga masa. Baffa bai yarda ba har na tafi, kuma ni ban ga laifin labarin da zai sa mutum biyu su yi awa suna gardama ba.

Babban abin da nake ƙorafi a kai daban ne. Duk kashi shida ɗin Zulu ba su da fuska, ƙarti ne kawai suka fito daga ciyawa, ba a ce me ya kawo Ingilishi ƙasarsu ba. Alhali a Disamba 1878 Bartle Frere, babban wakilin Ingila a Afirka ta Kudu, ya aika wa Sarkin Zulu Cetshwayo sharuɗɗan da ya san ba zai iya karɓa ba, ciki har da rusa rundunarsa, ranar 11 ga Janairu aka shiga ƙasarsa da yaƙi. Mutanen da suka yi kwanton nan 'yan sintiri ne a ƙasarsu suka ga sojan mamaya sun sauka a ƙauyensu suna shan kofi, ba su ma san waye ba. Wata ɗaya bayan nan ranar 4 ga Yuli aka ci Ulundi babban birnin Zulu aka ƙone ta, a Agusta aka kama Cetshwayo aka kai shi Cape Town, wato shi ma aka mai da shi sarkin gudun hijira, har Landan ya je a 1882 ya ga Sarauniya yana neman a mayar masa da ƙasarsa. Mutumin da ya iya tuno Sarki Alu don ya sa mu tausaya wa ɗan Faransa ta yaya ya kasa ganin cewa Cetshwayo ne ya fi kama da Alu, su ɗin dai da suka ƙone Ulundi su ne suka fasa ganuwar Kano bayan shekara 24. Na tausaya wa yaron sosai, amma shi ya roƙa a kai shi, su kuwa a gida aka same su.

Kashi na shida gajere ne kuma a nan ne sauti ya fi lalacewa, ana jin janareta a baya daga farko har ƙarshe, wani wajen har da hon ɗin adaidaita, da alama ba a sitidiyo aka naɗe shi ba. Abin takaici don abin da ke ciki mai kyau ne, yadda aka kawo gawar Chislehurst Sarauniya ta zo da kanta, da yadda uwar ta yi tattaki a 1880 har bakin kwarin da ya mutu ta kwana a wajen daren cikarsa shekara, ta gina coci a Farnborough aka mayar da mijin da ɗan can a 1888, ita kuma ta rayu har 1920 tana da shekara 94, shekara 41 bayan ɗanta ɗaya tilo. Matata da ba ta saurari sauran ba wannan kashin ta ce a sake mata.

In za ka saya ka ɗauki na biyu da na uku da na biyar da na shida a odiyo, Naira 1,200 kenan, ko ka cika 300 ka karɓi duka ka riƙa tsallake lambun soyayya. Ka sa a kunna maka ƙarshen kowanne a shagon, don akwai wanda na tarar ya dawo yana faɗa nasa ya yanke a tsakiya, sun sake tura masa kyauta ba gardama amma kuɗin motarsa ya tafi. Bayan la'asar wajen cika yake da yara masu karɓar finafinai, da hantsi ya fi. Na tambayi yaron ko suna da wani da aka ba da labarin daga ɓangaren Zulu, ya ce akwai na Shaka Kawu, na ce Shaka ai tun 1828 ya mutu wannan maganar ɗan ɗan'uwansa ce, ya ce zai gaya wa Malam, na bar masa sunan Cetshwayo a rubuce a bayan rasit don kar ya manta yadda ake faɗa.